Kek Mai Madara Uku: Biyu A Gusau, Ta Ukun Sai Da Na Je Tsafe

Ki gyara zama, yau hirar tamu ta kek ce, amma sai mun hau mota sau biyu kafin mu kai ga cin sa.

Bari in faɗa miki gaskiya tun farko, ni ba gwanar gashi ba ce. In tuwo ne ko masa ko hoce, to nan ba na jin tsoron kowa. Kek kuwa, ko na suna ko na sallah, saye nake yi a wajen maƙwabciyata. Ina aure a Tudun Wada cikin Gusau, Innata kuma tana gidanmu na haihuwa a Bungudu. A ƙarshen damina ta kwanta rashin lafiya. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma cin abinci ya gagara. Haƙora sun zube, tuwo ba ya wucewa, kunu ya gundure ta. Abin da take ambato kullum shi ne madara. In aka dama mata ta gari sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin, ta ce wannan ba ta san saniya ba.

Babbar ɗiyata ce ta zo mini da waya wata rana bayan isha'i. Ta ce, "Mama, duba wannan. Kek ne amma da cokali ake sha, ko marar haƙori zai ci." Na ga wata mata tana tsiyaya madara a kan kek, yana shanyewa kamar busasshiyar ƙasa ta samu ruwan farko. Na ce a raina, wannan na Inna ne.

Mene ne wannan kek?

Sunansa tres leches da Sifaniyanci, ma'ana madara uku. Abincin biki ne a Meziko da Nikaragwa da maƙwabtansu, kuma kowace a cikin ƙasashen biyu tana cewa nata ne. Madarar farko ita ce ta ruwa ta gwangwani, irin wadda muke zubawa a shayi, wadda aka ƙafe fiye da rabin ruwanta. Ta biyu ita ce mai kauri mai zaƙi, wadda aka ƙafe da sukari. Ta ukun ɗanyar madarar saniya ce, ko kirim ɗin da ake samu daga gare ta.

Biyun farko an ƙirƙiro su ne don mutane irinmu, waɗanda ba su da abin sanyaya madara. A 1856 wani Ba'amurke, Gail Borden, ya samu takardar mallakar fasahar ƙafe madara a ɗura a gwangwani. Kamfanin Nestlé ya buɗe masana'antar madara a garin Ocotlán na Meziko a 1935, kuma kamfanonin madara sun riƙa buga girke-girke a jikin gwangwani, abin da ya taimaka wa wannan kek ya shiga gidaje. Mu ma nan Peak ta shigo Najeriya tun 1954, har gwangwaninta ya zama ma'auninmu na kicin.

Kuma in kin lura, tsoma abin fulawa cikin ruwa mai zaƙi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Alkaki in ya fito daga mai, cikin zuma ko ruwan sukari yake faɗawa. Yaranmu kullum safe burodi suke tsomawa a shayi. Su dai mutanen Meziko madara suka zaɓa.

Gwajin farko a Gusau

Madara biyun gwangwani ba su ba ni wuya ba. Gusau gari ne na kanti tun da daɗewa. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa garin, amma layin dogon da ya taso daga Zariya ya kai Ƙaura Namoda a 1929 shi ya mayar da shi matattarar gyaɗa da auduga, ya jawo kamfanoni da baƙi. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama hedikwata, kantuna suka ƙara yawa. A shago ɗaya na samu ta ruwa da mai kaurin, na haɗa da fulawa da bakin hoda da filebo.

Ta ukun na ce ai madarar gari ma madara ce, bari in gwada da ita tukuna. Na karɓi yadda maƙwabciyata take kwaɓa kek ɗin biki, mai bota da yawa, na gasa, na zuba madara a kai. Uwargida, da safe na buɗe na tarar da kek zaune tsamo-tsamo cikin tafkin madara, samansa ya yi yauƙi, cikinsa a bushe ƙamas. Maigida ya leƙo ya ce, "Wannan kuma kwale-kwale ne?" Ƙwai biyar da gwangwani uku suka tafi a banza, a wannan tsadar. Na ji zafin asarar har raina.

Sai da na koma na kalli bidiyon a tsanake na gane kurena. Wannan kek ba a sa masa bota. Maiƙo yana toshe ƙofofin da madara za ta bi. Abin da ke ɗaga shi farin ƙwai ne da aka buga har ya yi kumfa. In ya ji wuta sai kumfar ta sandare, ta bar ƙananan ramuka kamar soson wanka. Cikin ramukan nan madarar ke zama, shi ya sa yake jiƙewa ba ya dagargajewa.

Wannan matsala ta warwaru. Saura ta madara, domin na san bakin Inna. In ba ta ji ƙanshin saniya ba, aikin banza na yi.

Ina masu nonon suka tafi?

In kin tashi a wannan yanki kamar ni, kin san yadda hantsi yake a da. Matan Fulani a jere da ƙorai a ka, an rufe da faifai, suna shiga gida-gida. A Bungudu akwai wadda ba ta wuce gidanmu. Gwaggo muke ce mata. Rugarsu tana bayan gari, kuma tun kafin a haife ni take kawo wa Inna nono da man shanu. In an yi haihuwa a gidanmu ita ke kawo man shanun jego, in an yi a rugarsu Inna ke aika dawa da turmin atamfa. A garin da sarautarsa ma Sarkin Fulanin Bungudu ce, wannan ba abin mamaki ba ne.

Sai abin da kika sani ya zo. Satar shanu, garkuwa da mutane, ramuwar gayya. Manomi ya bar gonarsa, makiyayi ya rasa garkensa. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma yanke layukan waya a faɗin Zamfara na makonni. A cikin wannan duhun Gwaggo ta ɓace mana. Daga baya muka ji an kore musu shanu, sun tashi, ta koma wajen ɗiyarta da ke aure a Tsafe. Ita da Inna ko sallama ba su yi ba.

Ƙanwar maigidana tana aure a Tsafe. Na kira ta, na kwatanta mata. Kwana huɗu ta kira ni ta ce ta same ta. Na roƙi maigida, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in tafi da hantsi in mota ta yawaita a hanya, kuma la'asar ta same ni a gida.

Hanyar Tsafe

Daga Gusau zuwa Tsafe tafiyar kusan awa ɗaya ce a kan titin Funtuwa. Farkon hunturu ne, hazo ya sauko, an gama yankan dawa, kara a tsaye a gonaki fari fat. Da muka wuce Damba motar ta yi tsit. Kowa ya san hanyar nan. Wata tsohuwa kusa da ni tana jan carbi, direba ya rage rediyo. Shingen jami'an tsaro muna wuce wannan muna tarar da wancan.

Sai dutsen Kwatarkwashi ya bayyana cikin hazo, baƙi, ƙato, garin a kwance a gindinsa. Ko sau nawa kika gan shi sai kin sake ɗaga kai. Muna yara ana ba mu labarin kamun maiki da mutanen garin suke yi a kansa a zamanin da. Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bungudu take, don haka duk lokacin da na gan shi sai in ji kamar ban bar gida ba. Gaba kaɗan ga 'Yandoto, tsohon garin malamai da aka san shi da karatu tun kafin jihadi, wanda har yau sarkin Tsafe da sunansa ake kiransa, 'Yandoton Tsafe. Da muka hango gidajen Tsafe da duwatsunta, sai hira ta dawo cikin mota kamar an kunna ta.

Ƙanwar maigidana ta raka ni wani gida a gefen gari. Ɗaki biyu ne na ƙasa, da ɗan garke a baya. Gwaggo tana zaune a tabarma tana wanke ƙwarya. Ta tsufa, ta rame. Na yi sallama na durƙusa. Ta kalle ni ta kalle ni, sai ta ce, "La ilaha illallahu, ɗiyar ƙawa! Ke ce?" Ta kama hannuna ba ta saki ba. Tambayarta ta farko, "Ƙawata tana da rai?"

Na ce tana nan, amma ba ta cin abinci.

Mun daɗe muna hira. Cikin shanun da suke da su, uku suka tsira, saboda ranar suna wajen surukinta. Ɗaya ce ke da ɗan maraƙi. Saniyarmu ta gida, ko da damina, abin da ake tatsa bayan maraƙi ya sha bai cika wuce lita ɗaya ko biyu ba, balle da rani ya doso. Na tambaye ta to da me take nonon sayarwa? Ta yi murmushi ta nuna mini buhun madarar gari a lungun ɗaki. Da ita take kwana da kindirmo, ta ce, kamar yadda da yawansu suke yi yanzu. Ta kuma ce ba ta cika shiga unguwar da ba a san ta ba, domin akwai kallon da ake yi wa Bafulatana yanzu wanda a da ba a yi. Ban sami abin cewa ba. Ƙauyukan danginmu ma an tashe su, ita ma ta sani. Muka yi shiru tare.

Da na gaya mata abin da ya kawo ni, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da ƙaramar ƙwarya. Tatsar safiyar ranar ce gaba ɗaya, wadda jikokinta za su sha. Na ce a raba, ta ƙi. Na ciro kuɗi, ta ɓata rai. "Ni in sayar wa ƙawa madara tana kwance? Mi kika ɗauke ni?" Daƙyar ta karɓi sabulu da sukarin da na zo da su a matsayin tsaraba.

A gidan ƙanwar maigidana muka tafasa madarar nan take, na juye a fulas. Ki riƙe wannan, uwargida: ɗanyar madara, komai yardarki da mai ita, sai an tafasa. Akwai cututtukan da ke bi ta cikinta daga dabba zuwa mutum, har da tarin fuka, kuma tsoho da yaro da mai ciki su suka fi saurin kamuwa. Kafin la'asar ina Gusau, fulas a rungume kamar jariri.

Yadda muka gasa shi

Ga ma'aunin da ya yi mini, da ƙaramin gwangwanin madara na auna komai: ƙwai 5, fulawa gwangwani ɗaya da rabi, sukari gwangwani ɗaya, bakin hoda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, madarar saniya rabin gwangwani, filebon banila kaɗan, da ɗan gishiri.

Ki raba farin ƙwai da ƙwaiduwa a hankali. Robar da za ki buga farin ta zama busasshiya, babu ko ɗigon mai, domin ko ƙwaiduwa kaɗan ta faɗa ciki kumfar ba za ta tashi ba. Ki buga ƙwaiduwar da kashi uku cikin huɗu na sukarin har ta yi haske, ki zuba madara da filebo, ki tankaɗe fulawa da bakin hoda da gishiri a kai, ki juya. Sannan ki buga farin ƙwan, kina barbaɗa sauran sukarin kaɗan-kaɗan, har sai in kin ɗaga maburgi kumfar ta tsaya ba ta zuba ba. Ba mu da injin bugawa. Ni da ɗiyata muka yi karɓa-karɓa da maburgin miya sabo, kusan minti ashirin, kafaɗa kamar za ta cire.

Ki zuba kumfar cikin kwaɓin sau uku, kina ɗagowa daga ƙasa zuwa sama da ludayi. Kada ki gauraya kamar kina tuƙa tuwo, iskar da kika sha wuyar tarawa za ta gudu.

Mai oben ta sa a 180, minti 25 zuwa 30. Ni da tukunya da yashi na yi a kan gawayi. Na bar yashin ya yi zafi tukuna, na ɗora gwangwanin gashin a kan wasu ƙananan duwatsu don kada gindinsa ya ƙone, na rufe, na ɗora garwashi kaɗan a kan murfi. Kada ki buɗe kafin minti ashirin. In kin soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu.

Ki bar shi ya huce a cikin gwangwaninsa. Ki haɗa madarar ruwa gwangwani 2, mai kauri babban gwangwani 1, da madarar saniya gwangwani 1. In ba ki samu mai kaurin ba, ki dafa madara da sukari a wuta kaɗan kina juyawa, kamar za ki yi tuwon madara, ki sauke tun tana zuba daga cokali. Ki tsattsaga kek ɗin ko'ina da cokali mai yatsu, ki zuba madarar da ludayi sannu a hankali, kina jira ya shanye kafin ki ƙara, kina kula da gefe-gefe. Za ki ga kamar ta yi yawa. Ba ta yi ba.

Yana son ya kwana a sanyi. Ranar babu wuta, don haka na sayi ƙanƙara na jera a babbar kula, na rufe kek ɗin na sa a kai. Wannan ba abin wasa ba ne: abin da ya sha madara haka, in ya wuce awa biyu a waje cikin zafinmu, to kada ki ba yaro. Su can suna shafa masa kirim a sama. Ni na barbaɗa garin kirfa kawai. Mai ciwon sukari kuma ta yi haƙuri da wannan, zaƙinsa ba kaɗan ba ne.

Bungudu

Washegari da hantsi muka kama hanyar Sakkwato, ni da yara, kula a kan cinyata. Bungudu ba ta kai rabin awa daga Gusau ba. Gulbin da ya ratsa ta Gusau shi ne ya biyo ta nan, ruwa ya ja baya, masu lambu sun fara kafa fangali a bakinsa. Muka tarar da Inna a tsakar gida tana shan hantsi, an lulluɓe ta da mayafi.

Na yanka mata ɗan kaɗan a faranti. Madara ta biyo wuƙar, kek ɗin kuma ya tsaya da kansa bai rushe ba. Ta kalle shi da zargi. Ta ce, "Mi ne ne wannan kuma?" Ɗiyata ta ce, "Kaka, abincin Meziko ne." Ta ce ita ba ta san garin ba.

Ta ci cokali ɗaya. Ta ci na biyu. A na uku ta tsaya, ta ce zaƙi ya yi yawa, mutanen nan ba su san tsadar sukari ba. Sannan ta karkata farantin ta kurɓe madarar da ta taru a gindinsa, ta yi shiru, ta ce, "Akwai ta saniya a ciki. Ina kika samo?"

Na gaya mata. Ta ajiye farantin, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Da ta nutsu na miƙa mata fulas ɗin, domin na rage mata fiye da kofi guda na sake tafasawa da asuba. Ta shanye tas. Rabon da ta gama abu a kofi tun kafin ta kwanta.

Na kira ƙanwar maigidana, ta taka ta kai wa Gwaggo waya. Ban san abin da suka ce ba, domin Inna ta kore mu daga wajen. Daga zaure muna jiyo ta tana dariya, tana kuka, tana faɗa wai don me aka tafi ba sallama. Sai da katin ya ƙare. Kek kuwa, jikoki suka yi masa taron dangi, ko ɓurɓushi bai kai azahar ba.

Yanzu duk mako, in direban da muka sani zai taso daga Tsafe, ana ba shi fulas. Mun yi yarjejeniya da Gwaggo bayan doguwar gardama: rabin tatsa kawai za ta aiko, rabi na jikokinta, kuma ɗiyarta za ta karɓi kuɗin tunda ita ta rantse. Inna ta fara cin tuwo mai laushi. Tana cewa in hanya ta yi kyau sai ta je Tsafe da ƙafarta, domin zumunta a ƙafa take. Muna ce mata in sha Allahu.

Uwargida, in za ki gwada wannan kek, ki tuna abu uku: babu bota, a tafasa madara, a kwana a sanyi. In kuma akwai wata mai nono da ta saba shigowa gidanku ko gidan iyayenki, kika daina ganinta, ki tambaya ina take. Ni sai da kek ya tura ni na tambaya, kuma ina jin kunyar hakan.

Allah Ya zaunar mana da Zamfara lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. A ci daɗi lafiya.